Igiyoyin Awon Baba Mai Walda

Ni ce na rubuta takardar da ta raba ubana da rumfarsa. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, kafin wani ya riga ni ya ƙara gishiri. Kuma takardar ta yi kyau, babu kuskure ko na ɗigo, domin rubutu shi ne abu ɗaya da na iya a duniya.

Baba mai walda ne. Sama da shekara talatin yana rumfa ɗaya a bayan tashar mota, tsakanin mai faci da mai sayar da tsofaffin tayoyi. Gajeren mutum ne, baƙi, idanunsa kullum jajur saboda hasken walda, hannunsa kuwa in ya shafa maka kai sai ka ce da buroshi ya shafa. Ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe yake yi, da su ya auri mahaifiyarmu, da su ya ciyar da mu. Bai taɓa shiga aji ba. Sunansa ma bai iya rubutawa, sai dai ya dangwala yatsa.

Ina shekara huɗu zazzaɓi ya kwantar da ni, da ya tashi tafiya ya tafi da ƙafafuna. Shan inna. Da lokacin makaranta ya yi, Baba ne yake goya ni ya kai, ya dawo ya ɗauko, 'yan tasha suna tsokanarsa wai ya zama uwa. Rannan da safe ya yanki igiyar shanyar mahaifiyarmu, tana ta faɗa yana ta ba ta haƙuri, ya zaunar da ni a kan turmi ya ce in ɗaga hannu. Ya auna daga kwankwasona zuwa gwiwa ya yi ƙulli. Daga gwiwa zuwa dunduniya, ƙulli. Faɗin mazauni, ƙulli. Inda bayana ya karkata zuwa hagu ya yi ƙulli biyu a jere. Bayan kwana tara ya turo mini keke mai taya uku har tsakar gida. Mummuna ne ƙwarai, rabinsa gadon asibiti ne rabinsa tsohon keken hawa, amma bai taɓa cin fatata ba ko sau ɗaya.

Daga nan mutane suka fara zuwa. Wannan ya kawo ɗansa a baro, wancan ya jawo jikinsa da kansa tun daga ƙarshen gari. Baba ya auna kowa da igiyarsa, ya ƙera keken, sannan ya rataye igiyar a ƙusa a bangon rumfa, ko da mai ita zai dawo gyara. Na taɓa saya masa tef na awo mai lambobi. Ya jujjuya shi ya ce, "'Yar Baba, wannan ai na mutanen da Allah ya miƙar ne. Mu namu kowa da irin lanƙwasarsa." Ya mayar da tef ɗin abin ɗaure buhu.

Babu suna a jikin igiya ko ɗaya, amma in ya rufe ido ya shafa zai ce maka, wannan ta mai jarida ce, kwankwasonsa na dama ya fi tudu. Wannan ta matar nan ce mai sayar da sabulu, hannunta ɗaya ba ya miƙewa. Sun haura ɗari uku, duk sun yi baƙi da mai da ƙura. In mai igiya ya rasu ba ya yar da ita, sai ya hau benci ya mayar da ita layin sama, kusa da kwano. Tawa kuwa tana kan ƙusar farko daga ƙofa, guntuwar igiyar shanya mai launin shuɗi.

Mai hali ya biya, marar hali ya yi addu'a. Ƙofofi ne suke ɗaukar nauyin kekuna. Sai ƙofofin kamfani suka cika kasuwa, masu sheƙi, masu arha, aiki ya ja baya. Injin waldarsa ya tsufa, sai an yi masa magiya yake tashi. Kwanon rumfa ya zama rariya. Ban taɓa jin Baba ya roƙi Allah dukiya ba. Abin da yake faɗa kullum shi ne, "Ni dai a bar ni a rumfar nan da guduma a hannu har ranar da za a zo ɗaukata." Iyakar burinsa ke nan, kuma shi ne na sa hannu aka ƙwace.

A lokacin ina aiki a wani shagon buga takardu, na yi aure, ina da 'ya'ya biyu. A nan na fara ganin irin takardun da ƙungiyoyi suke kawowa a buga musu, na neman tallafi daga gidauniyoyi, wato waɗannan manyan wurare da masu kuɗi suke kafawa don rabon taimako. Ina bugawa ina ƙuna. Mutumin da bai taɓa gyara ko ƙafar kujera ba ya rubuta shafi arba'in a kan taimakon nakasassu, ubana kuma yana can yana tara ruwan sama a bokiti. Na ce wallahi ba za ta saɓu ba. Na yi wa rumfar rajista a matsayin ƙungiya, Baba shugaba, ni sakatariya, na fara rubutawa.

Shekara biyar ina aikawa. Amsa iri ɗaya ce, kamar uwa ɗaya ta haife su: sun yaba da ƙoƙarinmu, amma a wannan karon ba za su iya ba. Duk wadda ta zo sai Baba ya ɗaga gilashin walda ya ce, "Me suka ce?"

"Sun ce sun yaba, Baba."

"To, madalla. Yabo ma ai abu ne."

Ni kuwa kamar in haɗiye zuciya in mutu.

Ana nan sai na ji za a yi taron bita a wani otal, na koyar da ƙananan ƙungiyoyi yadda ake cin tallafi. Na je. Matakala bakwai ce a ƙofar zauren, sai da masu gadi biyu suka ɗaga ni da kekena kamar buhun siminti. Mai koyarwar wani dogon mutum ne da ba ya rabuwa da kwat ko ana zafin da ke narka kwalta, shi ya sa har yau ban san shi da wani suna ba sai Mai Kwat. Da aka tashi na miƙa masa takardata ta ƙarshe. Ya karanta shafi ɗaya ya mayar mini.

"Malama," ya ce, "wannan bara ce kika rubuta. Gidauniya ba ta ba mabaraci. Tana ba wanda ya yi kama da ita."

Zan ba shi haƙƙinsa, ko da yake ba na ƙaunar ganinsa. Mutumin ya san aikinsa. Shi ya koya mini in fara bincika abin da gidauniya take tallafawa kafin in ɓata takarda. Shi ya koya mini in amsa tambayar da aka yi, ba wadda nake so a yi ba; in faɗi mutum nawa, cikin wata nawa, kuma ta yaya za a gane an yi; in fara da mutum ɗaya mai rai, ba da kukan duniya ba. Duk gaskiya ne, har gobe da su nake cin abinci. Ya ce zai taimaka mana kyauta, iyaka dai a sa shi cikin kwamiti. Na yi ta godiya kamar wawuya. An ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi, amma mai jin yunwa ba ya tuna karin magana.

Gyara ya fara. Na farko, gidauniya tana son ganin kwamitin amintattu, sai Mai Kwat ya kawo abokansa huɗu, duk masu digiri, babu wanda ya taɓa shaƙar hayaƙin walda. Na biyu, shugaba dole ya iya sa hannu ya kuma nuna takardar makaranta, don haka aka matsar da Baba zuwa "wanda ya kafa ƙungiya", Mai Kwat ya zama darakta. Baba ya yi dariya ya ce in dai ba a taɓa masa guduma ba, a kira shi ko da jaki ne. Mu ma aka canza mana suna. Mu da muka san kanmu guragu tun muna yara, aka ce daga yau masu buƙata ta musamman ne mu. Mai jarida ya ce shi buƙatarsa ta musamman ita ce sabuwar sarƙa.

Na uku shi ne babba. Gidauniya ba ta gini a filin mutum, sai a filin ƙungiya. Filin rumfar kuwa shi kaɗai Baba ya mallaka a duniya, domin gidan da muke ciki na haya ne. Aka kawo takardar mayar da filin ga ƙungiya. Ni na kama babban yatsansa na danna a tawada. Kafin in ɗora a takardar ya tsaya ya dube ni.

"'Yar Baba, babu komai ko?"

"Babu komai, Baba. Takarda ce kawai."

Ya saki hannun, na dangwala.

Sai muka zauna rubuta babbar takardar. Wata guda muna kanta. Duk shafukan na Mai Kwat ne, da jadawali da alƙaluma, ban da sakin layi na farko. A nan na rubuta igiyoyin: yadda ake ƙulli, yadda yake gane su ido rufe, da layin sama na waɗanda suka rasu, da shuɗiyar igiyar shanya. Mai Kwat ya yamutsa fuska ya ce wannan tatsuniya ce, zai sa a ɗauka mu 'yan ƙauye ne. Ya ce in cire. Na ce to, amma ranar aikawa ban cire ba, shi kuma bai sake dubawa ba.

Bayan wata uku amsa ta zo, ba irin ta kullum ba. Mun shiga cikin 'yan kaɗan da aka zaɓa, kuma wata jami'arsu za ta zo ta ga wurin da idonta.

Mai Kwat ya rikice da shiri. A yi fenti, a kafa allo, a kawo tebur da fayil-fayil. Ina zaune ya nuna bangon igiyoyin da baki ya ce wa masu fenti, "Duk wannan tsummokaran a kwashe, baƙuwa za ta zo." Na ji da kunnena. Ban hana ba. Zan iya cewa na zaci a buhu za su zuba, amma ƙarya nake yi. Gaskiyar ita ce shekara guda ina zama da masu kwat, ni ma na fara jin kunyar bangon. Washegari Mai Kwat ya ce in kai Baba kasuwa in saya masa sabbin kayan aiki, a yi masa aski, kada ya tsoratar da baƙuwa.

Da muka dawo da azahar bangon ya yi fari fat, an zare ƙusoshin, an toshe ramukan. A bayan rumfa shara tana hayaƙi. Baba ya tsaya a ƙofa cikin sabon kaya mai ƙamshin kanti, da sabon aski, yana kallon bango. Ya zagaya baya. Ya ɗauki guntun rodi ya tona tokar a hankali, kamar mai neman allura. Igiya mai mai ba ta barin komai in ta kama wuta. Ya daɗe a tsugune, sannan ya ɗago ya tambayi mai fenti, ba ni ba:

"Har da na sama?"

Mai fenti ya ce shi dai an ce ya kwashe duka.

Baba bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da na samu sauƙi.

Kashegari da safe saƙo ya shigo daga jami'ar. Tana ɗokin zuwa, in ji ta, kuma abin da ta fi son gani shi ne bangon igiyoyin nan, domin a cikin ɗaruruwan takardu wannan sakin layin ne ya sa kwamitinsu ya tsaya a kanmu. Saura kwana biyu ta iso.

Ranar na ga Mai Kwat ya cire kwat. Ya aika aka sayo damin igiya, aka yayyanka, aka murza a baƙin mai da ƙasa, aka mayar da ƙusoshi a sabon fentin. Ya gwada ƙullawa da kansa, amma ko makaho ya taɓa ya san ƙarya ce, don ƙullin Baba iri ne na daban, mai kwanciya gefe. Ya ce Baba ya zauna ya ƙulla.

Baba ya ce, "Awon wa?"

"Na kowa ma, Baba. Ai ba aunawa za ta yi ba."

"A kira mutanen in sake auna su."

"Mutum ɗari uku cikin kwana biyu? Da waɗanda suka mutu?"

Baba ya ce shi bai taɓa ƙulla ƙarya ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Sai Mai Kwat ya dube ni, ni kuma na tura kekena, keken da mutumin nan ya ƙera mini, na je gabansa. Ban roƙe shi ba. Na san inda zan soka. Na ce, "Baba, shekara shida ina wahala saboda kai. Na bar aikina, na bar 'ya'yana a hannun maƙwabta. Yanzu abu ya zo bakin ƙofa za ka zubar saboda igiya? Ashe igiya ta fi ni."

Ya dube ni da jajayen idanun nan. Ya jawo benci ya zauna.

Yini biyu yana ƙullawa. Na farkon ya yi ƙoƙarin tunowa, ina jin yana ambaton mutane a ƙasan maƙoshi, yana gwada tsawon a damtsensa. Ya tuno wajen arba'in. Daga nan kansa ya ɗauke, ya daina ambaton kowa, yatsun kawai suke tafiya. Igiyar sabuwa ce mai kaifi, ta yayyanke shi, man ya shiga ciwon. Mai Kwat ya ce hakan ma ya yi, jinin zai ƙara musu tsufa. An nemo shuɗiya guda aka rataye a ƙusar farko.

Jami'ar ta zo. Ba zan yi mata sharri ba, mace ce mai kirki, ta cire takalmi masu tsini ta sa na roba, ta durƙusa ta gaishe da Baba. Ba ta jin yarenmu, ni ce tafinta. Ta tsaya gaban bangon ta dafe ƙirji. Ta ciro igiya ɗaya daga tsakiya ta miƙa masa da hannu biyu, ta ce in tambaye shi ta wace ce.

Baba ya rufe ido don sabo, ya shafa ta daga farko har ƙarshe. Ya buɗe ido ya ce, "Ba ta kowa ba ce. Wannan in mutum ne, gwiwarsa tana wuyansa."

Na juya na ce mata, "Ya ce ta wata yarinya ce marainiya, yanzu tana aji biyar, likita take so ta zama."

Matar ta fashe da kuka. Ta rungume ni. Ta bayan kafaɗarta ina ganin Baba yana kallona. Bai ji abin da na ce ba, amma ya san maganarsa ba ta sa mutum irin wannan kukan.

Tallafin ya zo, mai yawa, fiye da abin da muka taɓa mafarki. Aka rushe rumfar aka yi gini mai tayil da fanka da ƙofar ƙarfe ta kamfani, da mai gadi. Igiyoyin ƙaryar aka sa su cikin gilashi a zauren shiga, da fitila a samansu, da hoton Baba babba yana murmushin da mai hoto ya roƙa sau goma. Ni na zama jami'ar shirye-shirye, da teburina da albashina.

Tare da tallafin aka aiko da littafin ƙa'idoji mai kaurin bulo. Duk abin da za a saya ko a ƙera, sai an nemo farashi daga wuri uku, kuma kamfanoni masu rajista. Ba a ba ɗan'uwan ma'aikaci aiki. Ba a barin wanda ba shi da takardar shaidar sana'a ya taɓa kayan marasa lafiya. Ba mugunta ce ta sa suka rubuta ba, ɓarayi ne suka koya musu. Amma tarkon da aka ɗana wa ɓarawo ubana ya kama. Aka nemo farashi uku, wani kamfani ya ci, kekuna suka iso cikin kwantena, masu sheƙi kamar a lasa, iri uku: ƙarami, matsakaici, babba.

Mai Kwat ya ce bai dace jami'ar ƙungiya tana yawo a tarkacen gadon asibiti ba. Aka ba ni matsakaici. Tsohon kekena aka goge shi aka ajiye kusa da gilashin, da igiyar kada-a-taɓa a gabansa.

Baba bai daina zuwa ba. Kullum da safe zai sa kayan aiki ya zo ya zauna a bencin mai gadi, guduma a cinya. An yi masa alkawarin ɗakin gyara a kashi na biyu na shirin, shi kuma ya yarda. Baƙi su wuce shi su shiga su ɗauki hoton hotonsa. Wata bakwai yana haka.

Sai ranar da mai jarida ya zo. Sabon keken ya ci masa kwankwason dama har ya zama gyambo, yana wari. Ya wuce ofis ya nufi benci ya ce, "Mai walda, ka cece ni." Baba bai tambayi kowa ba. Ya sauke shi a tabarmar mai gadi, ya kifa keken, ya fara dukan ƙarfen mazaunin don ya buɗa masa wuri. Ƙarar gudumar ta fito da Mai Kwat a guje. Ya yi ta ihu wai an lalata kayan gidauniya, kamfani ba zai karɓi keken da aka taɓa ba, in masu bincike suka gani an gama da mu. Baba bai ɗago ba sai da ya gama. Mai jarida ya hau, ya gyara zama, ya sauke ajiyar zuciya, ya tafi yana sa albarka.

Da yamma Mai Kwat ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Kwamiti ya zauna, in ji shi. Uba da 'ya ba za su ci gaba da zama a ƙungiya ɗaya ba, littafi ya hana. Ko ni ko shi. In na tafi, Baba zai iya zama a matsayin mai ba da shawara, ba tare da guduma ba. In na zauna, sai a sallame shi cikin mutunci, kada ya sake shigowa harabar sai da gayyata.

Zan iya ce muku na tuna 'ya'yana da mijina da aikinsa ba ya tsayawa, kuma gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar. Ina son teburin. Ina son fankar. Ina son yadda masu gadin otal ɗin nan yanzu suke ce mini ranki ya daɗe. Ko kwana ban nemi a ba ni in yi tunani ba, na ce ni zan zauna. Mai Kwat ya ce tunda na fi kowa iya rubutu, ni zan tsara takardar.

Na kai masa gida da kaina, ranar hutu da la'asar. Yana zaune a tabarma a tsakar gida yana gyara marfin tukunyar mahaifiyarmu. Na miƙa masa ambulan. Ya goge hannu a riga, ya karɓa, ya juya shi, ya mayar mini.

"Karanta mini, 'Yar Baba."

Na karanta ina fassarawa. Ƙungiya tana godiya marar iyaka bisa shekarun sadaukarwa. Ƙungiya ta naɗa shi Uban Ƙungiya har abada. Bisa ƙa'idojin masu tallafi, daga ranar ɗaya ga wata ba zai sake gudanar da wani aiki a harabar ba. Za a riƙa gayyatarsa taron shekara. Muryata ba ta yi rawa ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ya ce, "Sake karanta wurin godiyar."

Na sake.

"Ke kika rubuta?"

"Ni ce, Baba."

"Na sani. Ya yi daɗi a kunne." Ya gyaɗa kai. "Kin iya, wallahi. Ban yi asarar goyo ba."

Mahaifiyarmu ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule.

Ina ta gyara zama, don wata bakwai ke nan matsakaicin nan yana cin kwankwasona na hagu, daidai inda Baba ya taɓa yin ƙulli biyu. Fatar ta riga ta buɗe, ina rufewa da auduga, ban faɗa wa kowa ba. Amma wa zan ɓoye wa? Ya kalli yadda na karkata ya ce, "Yana cin ki a hagu."

"Eh, Baba."

"Ya fashe?"

"Ya fashe."

Hannunsa ya tafi aljihu da kansa. Ya zaro igiya sabuwa, fara, ya warware ta. Ni kuma, Allah ya isa tsakanina da kaina, na tura keken na matso, na ɗaga hannu sama kamar ranar da ya zaunar da ni a turmi. Mace mai 'ya'ya biyu, da takardar korarsa a cinyata, na ɗaga hannu ina jira ubana ya auna ni.

Ya dubi igiyar. Ya dubi takardar. Sai ya fara naɗe igiyar a yatsunsa biyu, a hankali, har ƙarshe, ya mayar aljihu.

"Ki nemo farashi uku," ya ce. "Ni ɗan'uwan ma'aikaciya ne."

Ya jawo marfin tukunyar ya ci gaba da abin da yake yi. Ban san tsawon lokacin da hannuna ya yi a sama ba kafin na sauke.

Shekara ɗaya da wata biyu ya ƙara a duniya. Bai sake zuwa bayan tasha ba, ko taron shekarar bai je ba. Yana gaishe ni in na zo, yana wasa da jikokinsa, amma bai sake ce mini 'Yar Baba ba. Malama yake cewa, kamar yadda Mai Kwat yake kirana. A tabarma ya rasu, ba a rumfa ba, kuma babu guduma a hannunsa, don mai gadi ya ce an shigar da ita cikin kayan tarihi.

Da mahaifiyarmu take raba kayansa ta sami igiyar a aljihun rigar aiki, ta aiko mini. Na rufe ƙofar ofis na warware ta da sauri ina shafawa, ko ya auna ni da ido ya ƙulla daga baya, don ya iya. Na bi ta daga farko har ƙarshe sau uku. Babu ƙulli ko ɗaya.

Gyambon yana nan, yana rufewa yana buɗewa. Likita ya ce kujerar ce, in nemi wanda zai ƙera mini daidai jikina. Na ce masa to. Sakin layin igiyoyin kuwa har yanzu da shi nake buɗe kowace takarda, ban canza ko kalma ba. Ya sake ciyo mana tallafi sau uku, kuma jibi zan aika na huɗu.